Ɓawon da ke riƙe da labarin teku

Jiya a Samaru ƙanwata, mai karatun ilimin duwatsu a ABU, ta zaunar da ni gaban madubin ƙara girma, ta ce, "Yaya, leƙa nan." Abin da ta sa a madubin, da ido farin gari ne kawai. A madubin kuwa sai ga ɓawo nannaɗaɗɗu, masu ɗaki-ɗaki, ko ƙwayar gero ba su kai ba. Ɓawon wasu ƙananan halittun teku ne, sunansu foraminifera, wasunsu a can ƙasan teku suke rayuwa.

Ikon Allah! Daga ruwan da suke ciki suke ɗibar sinadarin gina ɓawonsu, shi ya sa yanayin ruwan ke zama a jikinsa. Oksijin da ke cikin ruwan iri-iri ce: akwai mai lamba 16, akwai mai lamba 18 da ta fi nauyi. Idan teku ya yi sanyi, ko ƙanƙara ta taru a doron ƙasa ta riƙe marar nauyin, sai mai nauyin ta yawaita a ɓawon. Sinadarin magniziyam kuwa ɗumin ruwa ke ƙara shi a ɓawon. Masanin kimiyya Cesare Emiliani ya auna irin wannan ɓawo daga lakar teku a 1955, wani masanin kuma, Nicholas Shackleton, ya nuna rawar da ƙanƙarar ke takawa a 1967. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, teku ya sauka da kusan mita 120 saboda ƙanƙara ta riƙe ruwan, kuma ɓawon ya shaida hakan.

Abin da ya fi taɓa ni na gida ne. Dutsen Kufena ba ya ɗauke da su, amma farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a Sakkwato yana da su, don teku ya taɓa kwanciya a wurin. Can take son zuwa ɗibar samfur bayan damina, na ce zan biya mata kuɗin mota.