Abin da bincike a kafafen sada zumunta ya sauya min a dillancin gidaje

Mai neman gida a yau ba dole ne ya fara da dillali ba, ba ma dole ne ya fara da Google ba. Da yawa sukan buɗe TikTok ko Instagram ko Facebook, su shiga akwatin bincike, su rubuta sunan unguwa da "gidan haya mai ɗaki biyu", su zauna suna duba abin da ya fito. Su kansu mutanen Google sun san da haka. A watan Yulin 2022 wani babban jami'in kamfanin, Prabhakar Raghavan, ya ce bincikensu ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na matasa, in suna neman inda za su ci abincin rana, TikTok ko Instagram suke shiga, ba Google Maps ba. Kan abinci ya yi maganar, amma wanda ya saba neman abinci ta nan, ta nan zai nemi ɗakin haya.

Wannan ne ya sa na daina rubutu don mabiyana, na koma rubutu don baƙon da bai san ni ba. Mabiyan dillali yawanci 'yan uwa ne da abokai da sauran dillalai, kuma mutum ba kullum yake sayen gida ba. Wanda ya rubuta sunan unguwa a akwatin bincike kuwa, da buƙatarsa ya zo. Gara mutum goma irinsa su ga bidiyona da dubu ɗaya masu wucewa.

Abin ba sabo ba ne, salonsa ne ya canja. Tun 2009 Google ya fara cusa rubutun abokan mutum cikin sakamakon bincikensa, Facebook kuma ya fito da nasa tsarin bincike mai suna Graph Search a Janairun 2013. A lokacin, tunanin shi ne a nuna maka abin da abokanka suka so, shi ya sa dillalai suka duƙufa wajen tara mabiya. Wancan tsarin bai ɗore ba, har Google+, dandalin sada zumunta na Google, ma an rufe shi a 2019. Yanzu kalmomi ne ke aiki. Instagram ya fara ba da damar bincike da kalma zalla a ƙarshen 2020, a Yulin 2025 kuma ya bar injunan bincike irin su Google su riƙa ɗauko hotuna da bidiyon da shafukan kasuwanci suka wallafa a fili. Ke nan rubutu guda yana iya fitowa a wuri biyu, muddin shafin na kasuwanci ne kuma ba a kulle yake ba.

Daga suna na fara gyara. Gurbin suna a Instagram yana cikin abin da bincike ke karantawa, don haka bayan sunana na ƙara "dillalin gidaje" da sunan garin da nake aiki. Gurbin bayanin kai haruffa 150 kawai yake ɗauka, ba wurin kirari ba ne: unguwanni uku ko huɗu da na fi sani, haya ko sayarwa ko duka biyun, sai lambar waya. Suna ɗaya da lamba ɗaya a kowace kafa, domin wanda ya gan ka a TikTok zai je ya tabbatar da kai a Facebook, in ya tarar da wani suna daban sai zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Sai neman kalmomin, kuma nan ne aikin yake. Nakan rubuta sunan unguwa a akwatin binciken kowace manhaja, in tsaya ban danna komai ba, in kwafe abin da manhajar ta cike min da kanta, don abin da mutane ke yawan rubutawa ke nan. Daga nan in ƙara "haya", in sake dubawa, in ƙara "fili", in sake dubawa. Na biyu, ina da littafin da nake rubuta tambayoyin masu kira, da lafazinsu yadda suka faɗa. Abin da za ka lura da shi shi ne mutane ba sa kiran wuri da sunan da ke cikin takardun gida. Da laƙabin unguwa suke nema, ko sunan mahaɗar titi, ko "bayan asibiti", ko "kusa da jami'a". Wani sunan ma rubutu biyu gare shi. In haka ne, nakan sa ɗaya a layin farko, ɗayan a ƙasa, kowanne sau ɗaya. Inda ake magana da harshe biyu, layi ɗaya a kowanne ya wadatar.

Layin farko na rubutun ƙasan hoto shi ne jarin. Instagram yana yanke rubutu bayan haruffa kamar 125, sauran sai an danna. Abu biyar nake sawa a ciki: irin gidan, yawan ɗakuna, unguwa, haya ne ko sayarwa, da farashi. Wasu abokan sana'a suna ɓoye farashi don a kira su, ni ban ga ribar hakan ba. Mai bincike gidaje biyar yake kwatantawa a zama ɗaya, wanda babu farashi shi yake fara tsallakewa, masu kiran kuma rabinsu ba su kai kuɗin ba, sai ɓata lokaci.

Babbar asarar da nake gani ita ce ta hoton talla da aka zana aka cusa masa komai a ciki, ɗakuna da farashi da lamba, a ƙasa kuma aka rubuta "a tuntuɓe ni" kawai. Mutum zai karanta, amma ba a dogara da manhaja ta karanto rubutun da ke jikin hoto. Duk abin da ke jikin hoton a sake rubuta shi a ƙasa, a kuma cike gurbin bayanin hoto da aka tanada don masu larurar gani.

A bidiyo, cikin daƙiƙa ukun farko nake faɗin unguwa da irin gidan da bakina, in kuma rubuta shi a kan allo da kayan rubutun manhajar. Fassarar murya zuwa rubutu da manhaja ke yi da kanta takan kwaɓa sunayen unguwanni, wani harshen ma ba ta jin sa sam, don haka sai an bi an gyara da hannu. Daƙiƙa 30 zuwa 60 sun isa, waya a tsaye, a fara daga titi zuwa ƙofa kafin a shiga ciki. Nakan buɗe famfo a gaban kyamara, in kunna fitila, in leƙa ta taga a ga abin da ke makwabtaka, saboda tambayoyin da za a yi ke nan. Wajen sa alamar wuri kuwa, unguwa nake sawa, ba ƙofar gidan ba, musamman in akwai mutane a ciki ko gidan babu kowa. Kada kuma a sauko da bidiyo daga TikTok da tambarinsa a ɗora a Instagram, tun 2021 masu Instagram suka ce suna rage nuna irinsa. A ajiye na asali, a ɗora wa kowace kafa nata.

Tallar gida tana mutuwa ran da aka kama gidan. Bayani kan unguwa shi ke daɗewa yana kawo kira, shi ya sa cikin kowane rubutu uku nake ware ɗaya don amsa tambaya guda: ina ruwa ke kwanciya in an yi ruwan sama, minti nawa ne zuwa tsakiyar gari da safe, wace takarda za a nema kafin a biya kuɗin fili, wa ke biyan la'ada. Tambayar ce take zama take, yadda mai tambaya ya faɗe ta. Wurin nake siffantawa, ba mazauna wurin ba. A Amurka, ƙorafin nuna wariya a tallar gidaje ne ya sa Facebook a 2019 ya hana masu irin wannan talla zaɓen masu gani ta shekaru ko jinsi ko lambar yanki ta gidan waya, kuma ko babu doka, rubutun da ke cewa wane irin mutum ake so yana nan a ajiye, wata rana za a tono shi.

Ga inda abin ke cizo: bincike bai san an kama gida ba. Bidiyon bara zai fito yau da farashin bara, mutum ya kira da murna, ka ce masa babu, ya ɗauka tarko ka ɗana. Da zarar an biya kuɗi nakan koma in sa "an kama" ko "an sayar" da wata da shekara a farkon rubutun, inda gyara ba ya yiwuwa kuma in maƙala sharhi a sama. Ba na gogewa, don shaidar aiki ce. Akasin haka, abin da aka sa a sitatus ɗin WhatsApp ko takwaransa na Instagram da Facebook, wato Stories, yana ɓacewa bayan awa 24, mai bincike ba zai taɓa ganin sa ba. Yana da amfani ga waɗanda ke da lambarka, amma gidan da ke can kaɗai, a wajen baƙo babu shi.

'Yan damfara ma suna bincike. Sukan kwashe hotuna, su sa rabin farashi, su karɓi kuɗin kafin alƙalami daga mutanen da ba su taɓa ganin gidan ba. Ina sa sunana da lambata a tsakiyar hoton, ba a gefen da za a yanke ba, kuma duk mako nakan nemi sunana da unguwannina a kowace manhaja.

Wannan binciken sunan, mai saye ma yana yin sa kafin ya turo ko sisi. Zai duba zaurukan Facebook na garin, inda wani ya taɓa tambaya "wa ya san dillali mai amana?", ya karanta sharhin ƙarƙashin bidiyonka. Don haka in ciniki ya faɗa lafiya, nakan roƙi mutumin, in ya yarda, ya rubuta shaidarsa da cikakken sunana da sunan unguwar, don "na gode dillalina" ba ya fitowa a bincike. Ƙorafi kuma ba na goge shi sai in zagi ne. Amsa ɗaya a fili, a natse, da abin da ya faru da abin da aka yi, sauran a ƙarasa a waya.

Wajen auna sakamako, ba na kallon yawan masu danna alamar so. Ƙididdigar TikTok tana nuna kason masu kallo da suka zo ta bincike, har da kalmomin da suka rubuta. Sauran kuwa daga bakin mai kira nake ji: "A ina ka ganni, me ka rubuta?" Kalmar da ta maimaitu ita ke shiga layin farkon rubutun mako mai zuwa, unguwar da aka yi ta tambaya ba ni da gida a cikinta kuma, can nake zuwa neman masu gidaje.