Ƙofar gada ba gada: yawon da na je Withernsea

Wani ɗan ajinmu a birnin Hull na Ingila ya dame ni wai sai na je Withernsea, wani garin bakin teku, na ga gadar shan iska da aka miƙa cikin teku, ranar Asabar na hau bas na tafi, tafiyar wajen awa ɗaya ce ta cikin gonaki shimfiɗaɗɗu ba tudu ba dutse. Da can jirgin ƙasa ke kai mutane, an buɗe layin 1854 aka rufe wa fasinja 1964, to yanzu sai bas ko motarka.

Ina sauka na nufi bakin teku ina ta waige-waige ina gadar take. Ashe babu! Abun da ya rage hasumiya biyu ne na bulo masu zanko-zanko a kai kamar ƙofar gidan sarki, ka shiga tsakaninsu ka yi ɗan taku kaɗan sai ƙarfen kariya, daga nan sai ruwa mai launin ƙasa yana ta tumbatsa. Wani dattijo da ke jan karensa ya ga na tsaya sororo, ya yi dariya yace na makara da shekara ɗari da wani abu.

An gama gadar 1877, tsawonta ƙafa 1,196 cikin teku, ƴan Hull na zuwa su biya kobo ɗaya su yi ta tattaki a kai suna shan iska. Jiragen ruwa ne suka cinye ta guntu-guntu. 1880 guguwa ta jefo jirgin dakon kwal mai suna Saffron ya huda tsakiyarta, aka lallaɓa aka gyara da katako, 1890 Genesta ya zo ya kwashe fiye da rabi, 1893 Henry Parr ya ƙarasa aikin ya bar ƙafa 50 kacal, shima guntun aka cire 1903. Ni dai tausayin masu kuɗin da suka zuba na ji, ko shekara ashirin ba ta yi cikakkiya ba.

Abun dariya kuma, hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta garin sai 1894 aka kunna ta, bayan ɓarna ta gama aukuwa. Kuma ba a bakin ruwa take ba fa, can cikin unguwa take tsakiyar gidajen mutane, fara sol, ƙafa 127. An kashe fitilar 1976 aka maida wajen gidan tarihi. Na hau matakala 144 ɗin nan gwiwa na rawa ina haki, daga sama kuwa ka ga garin kaf da injinan iska jere a cikin teku. A ƙasa akwai kayan ƴan ceton jirage da sashe guda na Kay Kendall, ƴar fim haifaffiyar garin da ta rasu 1959.

Nan na gane dalilin gina hasumiyar fitilar nesa da gaɓa. Ƙasar yankin Holderness, inda garin yake, laka ce mai taushi, teku na cin wajen mita biyu duk shekara, ƙauyuka da dama sun tafi, har cocin ƙauyen Owthorne da maƙabartarta sun rufta ruwa tun farkon shekarun 1800. Katangar siminti da manyan duwatsu ke riƙe da garin yanzu, ka ɗan yi kudu inda kariyar ta ƙare ka ga gaɓa ta zaizaye tana zubowa.

Na sayi kifi da dankali na zauna, wallahi tsuntsayen tekun nan ba su da kunya ko kaɗan, ɗaya ya sure min rabin kifin, ga sanyi, dole na tashi na bi bas ɗin yamma.