Abin da na koya wajen neman izinin tseren taswira a dajin gwamnati

Duk lokacin da aka ce za a ƙara kuɗin izinin yin tseren taswira a dajin gwamnati sai gardama ta tashi, wasu su ce ai dajin na kowa ne, da harajinmu ake kula da shi, don me za mu biya sau biyu, wasu kuma su ce ai babu abin da ake samu kyauta. Ni dai na zauna a tsakiyar wannan gardamar lokacin da nake karatun kula da gandun daji, don a lokacin ni ne mai neman izini na wani ƙaramin kulob ɗin oriyantiyarin, wato tseren taswira, ni ke cike fom, ni ke zuwa ofishin malaman daji, kuma ni ake tsarewa da tambaya idan kuɗin shiga gasa ya ƙaru. Abin da na fahimta shi ne biyan kuɗin kansa ba shi ne matsalar ba. Yadda ake lissafa shi da abin da ake ba ka a madadinsa, nan ne rigimar take.

Ga wanda bai san wasan ba, ana ba ka taswira ne da kamfas a sake ka cikin daji, an kafa ƙananan tutoci masu launin fari da ruwan lemo a wurare daban-daban, kai kuma ka nemo su bi da bi, kowa da hanyar da ya zaɓa, wanda ya riga gamawa shi ya ci. Daga ƙasashen arewacin Turai wasan ya fito, asalinsa horon sojoji ne, an yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897, sannan aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya, IOF, a 1961. To abin lura shi ne wannan wasa ba shi da filin kansa, ba a gina masa komai, kullum a kan ƙasar wani ake yinsa, kuma sau da yawa mai ƙasar gwamnati ce.

Darasi na farko da ya zauna min sosai shi ne bambancin shigar mutum ɗaya daji da shirya taro a cikinsa. 'Yan kulob da yawa suna haɗa su wuri guda kuma ba ɗaya ba ne ko kusa. Dubi Suwidin, inda 'yancin kowa ya shiga daji ya yi yawo ya samu gindin zama har aka sa shi cikin tsarin mulki a 1994, amma duk da haka masu shirya gasa sai sun zauna da masu filaye da maharba tun kafin ranar, har ana ware wasu sassan dajin a ce ba mai shiga don namun daji su samu inda za su fake. Kuma a can ne ake yin O-Ringen tun 1965, gasar kwana biyar da ke tara mutane sama da dubu goma. A Sikotland dokar 2003 ta ba jama'a 'yancin shiga kusan ko'ina in dai za su kiyaye, amma mai shirya babban taro dole ya tuntuɓi mai kula da wurin. A Amurka hukumar gandun daji ta tarayya tana neman famit idan taro ya kai mutum 75 ko da ba a karɓi ko sisi ba, idan kuwa ana karɓar kuɗin shiga to famit ya zama dole ko da mutanen ba su kai haka ba. Wato ko a ƙasashen da suka fi sakin hannu ba a ɗauki mai yawo shi kaɗai daidai da wanda ya tara jama'a ya kawo motoci ya kafa tanti ba.

Da na fara zuwa ofishin ne na ga dalili da idona. Malamin dajin da ke kula da yankin namu yakan shimfiɗa taswirarmu a kan tebur, ya ɗauko tasa ta aiki ya ajiye a gefe, ya bi da fensir yana nuna min, nan za a fara sarar itatuwa wata mai zuwa, manyan motocin katako za su riƙa bin wannan hanyar, nan an dasa sababbin itatuwa ba a so a tattake su, wannan gefen kuma akwai tsuntsaye masu yin sheƙa a ƙasa kar a shiga sai bayan sun gama ƙyanƙyasa, ranar kaza maharba suna da izini. Ni kuma in koma in ba mai tsara hanyoyin gasar ya ja wa wuraren layukan shunayya, alamar an hana shiga. Wlh wannan zaman na awa ɗaya ko biyu ya fi komai amfani a duk shirin, don idan ba shi za ka iya tura yaro ɗan shekara goma inda injin sara yake aiki ba ka sani ba. Kuma lokacin mutumin ne, albashi ake biyansa, bayan haka sai ya duba takardar inshorarmu, ya karanta takardar da muka lissafa haɗuran da ka iya faruwa, ya ba mu makullin ƙofar hanyar mota, bayan gasa ya zaga ya ga ko mun bar shara. Idan aka ce in biya wannan, gaskiya ban ga abin ƙi ba.

Inda raina yake ɓaci shi ne kuɗin bai-ɗaya, wato a yanka maka adadi guda ko mutum nawa suka zo. A takarda sai ka ga kamar adalci ne, kowa ya biya daidai, amma yi lissafi ka gani. A misali a ce famit ɗin 200 ne na kowane irin kuɗi. Babbar gasa mai mutum 1,000 ko a jikinsu, kowa bai biya ko rabin 1 ba. Ƙaramin horon yamma mai mutum 20 kuwa kowa 10 ya hau kansa tun kafin a buga taswira ko ɗaya, kuma rabin waɗannan 20 ɗin yara ne da iyayen da suka zo gwadawa karon farko. To su waye za su fasa? Ƙananan tarukan nan su ne ƙofar shiga wasan, a nan yaro yake fara koyon cewa fari a taswira daji ne da za ka iya gudu a ciki, kore kuma sarƙaƙiya, ruwan ɗorawa fili, layukan ruwan ƙasa su ne tudu da kwari. Ba wanda yake fara wasan a babbar gasa. Akwai shekarar da aka mayar mana da kuɗin bai-ɗaya, na ga yadda muka riƙa soke ƙananan horo ɗaya bayan ɗaya a taron kwamiti, ba don babu masu so ba, kawai ma'ajinmu ya duba littafi ya ce ba zai fita ba. Abin ya dame ni ƙwarai don na san yaran da suka daina zuwa.

Shi ya sa ni a ra'ayina kuɗin ya kamata ya bi kai ne, kowane baligi da ya shiga a cire wani ɗan abu, yara kuma a bar su ko a rage musu sosai, ƙaramin horo da bai kai wani adadi ba a ce sanarwa kawai ta isa. Kuma a biya bayan gasa bisa yawan waɗanda suka zo da gaske, don ranar da aka wayi gari da ruwan sama rabin mutane ba sa fitowa, kulob ɗin da ya riga ya biya a gaba shi ke kwana ciki.

Wani abin da na koya kuma, wanda mutanen ofis da yawa ba su sani ba sai an gaya musu, shi ne tsadar taswirar kanta. Ba irin taswirar da ake saye a shago ba ce. Mai zanen yakan yi makonni yana taka dajin da ƙafa, yana sa kowane dutse da rami da ɗan kwari, a sikelin 1:15,000 ko 1:10,000, yanzu ana taimakawa da bayanan awon ƙasa da ake ɗauka da hasken lesa daga jirgin sama amma duk da haka sai an taka. Kulob ne ke biyan wannan daga aljihunsa. To ka kashe wannan kuɗin, bayan shekara guda a zo a sare ɓangare guda na dajin ƙarƙaf, shikenan wannan ɓangaren taswirar ya tashi aiki, sai an sake. Ba na cewa kar a sare, ai daji na katako aikinsa kenan, hukumar dajin Birtaniya ma da aka kafa a 1919 don samar da katako aka kafa ta bayan ƙarancin da aka sha a yaƙin duniya na farko. Abin da nake cewa shi ne in har za ka karɓi kuɗina to ka gaya min jadawalin sararka na shekaru masu zuwa kafin in zana taswira, ka kuma ba ni tabbacin zan iya amfani da wurin na wasu shekaru. Haya ce fa, ba wanda zai yi wa gidan haya sabon rufi alhali bai san ko wata mai zuwa za a ce ya tashi ba.

Maganar ɓarna kuwa, wadda ake yawan kafa hujja da ita, na sha zagawa kwashe tutoci bayan gasa kuma na ga abin da ƙafa take yi. Kusa da tuta, musamman inda ƙasa take da laima, za ka ga ciyawa ta kwanta, wata 'yar siririyar hanya ta fito inda mutane suka bi sawun juna, gansakuka ta ɗaye a kan dutse. A yawancin wurare idan ka dawo bayan wasu watanni da ƙyar ka gane wurin. Amma fadama da gaɓar rafi ba haka suke ba, suna daɗewa ba su warke ba, kuma maganin wannan ba kuɗi ba ne, maganinsa mai tsara hanya ya kauce musu, kar ya sa tuta a wurin. Ainihin nauyin da gasa ke ɗora wa daji a wurin fakin yake da banɗaki da hanyar mota, idan ana son a yi lissafi na gaskiya a nan ya kamata a duba.

Na kuma lura idan kowane kulob yana zuwa shi kaɗai ya yi ciniki da ofishin yankinsa, ƙarshenta kuɗin ya danganta ne da wanda ka tarar a kujera, wannan daji kaza, na kusa da shi ninki biyu, ba wanda zai iya gaya maka dalili. Yarjejeniya guda tsakanin ƙungiyar wasan ta ƙasa da hukumar daji, a rubuce, kowa ya san farashi da sharuɗɗa da kwana nawa za a jira amsa, ta fi wa kowa sauƙi har su ma'aikatan. Mu 'yan sa-kai ne, da dare bayan aiki ko karatu muke cike fom ɗin nan, jinkirin amsa kaɗai ya isa ya kashe gasa ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Kuma kar a raina yadda mutane suke jin dajin gwamnati nasu ne. A Ingila da gwamnati ta fito da shirin sayar da dazuzzukanta, mutane sama da rabin miliyan suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, a Fabrairun 2011 aka janye shirin. Idan ɗan kulob ya ce min dajin namu ne ba na masa musu, gaskiya ya faɗa. Ina dai ce masa naka ne kuma na mai keke ne da mai doki da mai kallon tsuntsaye, dole a samu wanda zai tsara kar ku yi karo, abin da kake biya kenan. Amma ranar da hukuma ta fara kallonmu kamar kamfanin da ya zo neman riba, ta sa mu a layi ɗaya da masu shirya bikin kiɗa ko masu ɗaukar fim, to ta ɓata lissafi, don kulob ɗin da ba wanda ke cin ko kwabo a cikinsa ba zai iya biyan irin wannan ba.

Kuma idan kuɗin ya fi ƙarfin kulob mutane ba sa daina shiga daji, daina tambaya suke yi. Wasu kulob sun koma tseren cikin gari da lambunan shaƙatawa, wanda shi ma wasa ne mai kyau amma yaron da ya tashi a kansa bai san daji ba. Wasu kuma yanzu da manhaja irin MapRun ba sa ma buƙatar kafa tuta, wayar ce take ƙara idan ka isa wurin ta hanyar GPS, kowa ya je lokacin da ya ga dama shi kaɗai ko su biyu su uku, babu taro balle famit. Doka ba ta hana mutum ɗaya yawo ba a wurare da yawa, amma ga shi yanzu mutanen suna ratsa dajin ba wanda ya zauna da malamin daji ya ji inda tsuntsu ya yi sheƙa ko inda za a fara sara ranar Litinin, shi kuma malamin dajin bai san suna ciki ba, kuɗin da hukumar take nema ma bai shigo ba.