Saƙon da Manhajata Ta Tura Gidan Alhaji

Yayana yana da shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi, ni kuma na haɗa masa manhajar ciniki ta waya. So nake ta riƙa gane mutum kamar yadda yaron shago ke gane tsohon kwastoma: hajiyar da ta saba ɗaukar ruwan toka, da ta buɗe ruwan toka za ta fara gani. Duk abin da mutum ya duba ko ya saya sai in adana shi tare da lambar wayarsa, in sabon kaya ya sauka manhajar ta tura masa saƙo.

Ciniki ya buɗe, muna ta murna, har ranar da wani Alhaji ya shigo shago fuska a murtuke. Ashe lefe ya haɗa a wurinmu, bai kai ga sanar da uwargida maganar ƙarin auren ba. Sai ga saƙonmu: "Ga sabbin leshi na cika lefe." Wayar kuwa tana hannunta, za ta kira mahaifiyarta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, kaya na saya, ban ba ka ajiyar sirrin gidana ba." Na durƙusa na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, laifina ne." Kwana biyu barci ya gagare ni, ina tunanin baiwar Allahn nan da ta ji labarin kishiya daga na'ura.

Na manta cewa a gidajenmu waya guda tana bin hannu da yawa: mata, yara, ƙannai.

Na zauna na sake gini. Yanzu tarihin abin da mutum ya duba a cikin wayarsa yake zama, can ake lissafin abin da za a nuna masa. Abin da ke iso mana jimilla ce kawai, wace kala ta fi tafiya a makon nan. Saƙo kuwa sai wanda ya ce yana so, kuma ba ya ambaton abin da aka saya. Na sa maɓallin goge tarihi a shafin farko. Daga baya na karanta dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2023, na tarar ta ba mutum ikon janye amincewarsa da neman a goge bayanansa.

Yaya ya yi ƙorafi cewa saƙonni sun ragu. Na ce, "Yaya, ka tuna Alhaji." Shiru ya yi, ya ci gaba da ninke shadda. Alhajin har yau bai sake tako shagon ba.