Asabar a Iskandariya

Jirgin ƙasan safe muka hau daga tashar Ramsis ta Alƙahira, kafin azahar muna kan Kornish, titin bakin tekun Iskandariya. Iskar teku mai gishiri-gishiri, tasi baƙi da rawaya ta ko'ina. Yaya tun a jirgi yake zancen ganuwar Ƙaitbai, don haka can muka fara. A 1477 aka ɗora ginin, daidai inda tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya take. Mun hau har sama, mun sha hotuna. Daga ƙasa an jibge manyan tubalan kankare don tare igiyar ruwa, masu fatsa na zaune a kansu abinsu.

Hanta da burodi a tsaye. Yaji kamar me.

La'asar muka yi a masallacin Abul Abbas Mursi. Da aka sallame su Yaya suka koma bakin ruwa, ni kuma na leƙa masallacin Imam Busiri da ke gefe, inda kabarinsa yake. Baitocin Burda ne a rubuce sun zagaye bango. Ina tsaye ina ɗaga kai, wani dattijo mai carbi ya yafito ni.

"Ɗana, daga ina?"

Na ce Najeriya, Baba. Fuskarsa ta washe. Sai ya ja rabin baiti da murya ƙasa-ƙasa, ya tsaya yana dubana in ƙarasa. Wallahi na san karin, na san shi sarai, da shi Babanmu yake tashinmu duk watan Maulidi a zaure. Amma kalmomin suka ƙi zuwa. Na buɗe baki, babu. Dattijon ya ƙarasa da kansa, ya dafa kafaɗata, ya yi mini addu'a.

Sau nawa Baba ya ce in zo in zauna kusa da shi in ɗauka? Kullum sai na ce gobe. Shi da ya haddace ta bai taɓa ganin teku ba, ni da na ƙi zama ga ni a gaban kabarin mai ita.

Babban ɗakin karatun Iskandariya da aka buɗe a 2002 daga waje kawai na gan shi. Lambun fadar Muntaza ma ban je ba, na ce kaina ke ciwo.

Na kira gida daga jirgi, Inna ta ce ya riga ya kwanta. Bayan asuba zan sake kira, in roƙe shi ya fara mini daga baitin farko.