Lokacin tashi shi ne abin tsoro a ƙaramin jirgi

Wallahi ni da saukar jirgi nake jin tsoro, sai da na zauna gefen direban wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum 4, irin Cessna 172 ɗin nan, sannan na gane tashin ma babban hatsari ne. Rana ta take, bawan Allah ya ɗaga jakata ya ji nauyinta ya ce yallaɓai wannan sai dai ta biyo mota. Raina ya ɗan sosu.

Da ya ba injin wuta sai na ga ƙafarsa ta dama a danne kan fedar da ke karkata hancin jirgin zuwa dama, ashe farfela ce ke jan hancin jirgin zuwa hagu, in ka yi sake sai dai ka gan ka a cikin ciyawa. Kuma iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin riƙewa da wuri, in direba ya yi gaggawar ɗaga hanci gudu bai kai ba fiffiken ya daina ɗauka jirgi ya rikito, ga ƙasa nan kusa babu sararin gyarawa. Mafi muni a ce inji ya mutu bayan tashi mutum ya ce zai juyo filin, wannan juyin ya ci rayuka da yawa, shi ya sa ake koya musu su sauke hanci su nemi fili a gabansu.

Ina sama ina tuna Gwammaja, 4 ga Mayu 2002, duk da wancan babban jirgi ne, yana tashi daga Kano ya faɗo kan gidajen mutane. Allah ya jiƙansu da rahama.