Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ni da Sufana, Shi da Rimot

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon mun tsaya a ranar da na miƙa akwatin sufanuna na bar hanga, wato rumfar gyaran jirage, bayan shekara 32 ina gyaran jiragen yaƙi, to yau kuma rigimarmu da yaron wajena za ku ji, wadda har gobe ba a san wa ya ci ba.

Ni dai tun yana ƙarami burina ya zama matuƙi. Wanda ya yi irin aikina zai gane, kai ne za ka kwana a ƙarƙashin jirgi mai yana ɗiga maka a wuya, gari na wayewa wani ya zo fes da hularsa ya hau ya tashi, wani lokacin ko sannu ba za ka samu ba. Allah ya yi ya shiga rundunar muna ta murna, kwatsam ya zo hutu yake ce min wai sashen jirage marasa matuƙa aka tura shi, duron ɗin nan. Na ce wato ba za ka bar ƙasa ba kenan? Ya ce Baba ai a kwantena muke zama, allo a gabanmu. Wallahi raina ya ɓaci, na ce ashe gem na tura ka bugawa.

Yaron bai ɗaga murya ba, sai ya ce Baba ka yi haƙuri in tambaye ka, jirgin nan da kake yawan ba mu labari, sau nawa yake tashi a wata?

Nan ya taɓo min tsohon miki. Akwai wani jirgi, bari in sakaya samfurinsa da inda abin ya faru, famfon mai kawai ya lalace, abin da zan ɗauka da hannu ɗaya. Aka rubuta takarda a kawo safaya daga waje, wata ɗaya, wata uku, shiru kamar an shuka dusa. Kafin nan wani jirgin ya buƙaci birki sai aka ce ku ciro na wancan tunda dama a ajiye yake, gobe a ciri rediyo, jibi a ciri taya, da hannuna na yi masa fiɗa har ya koma ƙwarangwal, amma a takarda yana nan cikin lissafi a matsayin jirgin yaƙi. Ban ba shi amsa ba ranar, na ce dare ya yi.

Tun daga nan na koma bin labarai kamar ɗalibi. Yaƙin Azabaijan da Armeniya na 2020 kwana 44 aka yi, kowa ya ga yadda duron Bayraktar TB2 na Turkiyya yake tsintar tankoki ɗaya bayan ɗaya. Sai na Rasha da Yukren a 2022, inda duron Shahed na Iran, abin da bai wuce dubban daloli goma-goma ba, yake sa a harba makami mai linzami na Patriot na kusan dala miliyan 4. Ko ɗan firamare ya san waye zai fara gajiya a wannan cinikin. Amma wanda ya hana ni barci shi ne na 1 ga Yunin 2025, da Yukren ta ɓoye ƙananan duron 117 a manyan motoci ta kai su kusa da filayen jiragen Rasha har can Saiberiya, suka ƙona jirage irin su Tu-95 suna fake a ƙasa. Jirgin da aka daina ƙerawa tun farkon shekarun 1990! Ni ba wanda na tuna sai makanikan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kansa, na san yadda za su ji.

Duk da haka ban miƙa wuya ba. Na kira shi a waya na ce to malam mai rimot, in aka toshe maka sigina fa? Ai ranar da Rasha ta shiga Yukren aka yi wa sadarwar tauraron ɗan Adam ta kamfanin Viasat kutse, sai 'yan Yukren suka koma intanet ɗin tauraron Starlink, shi kuma na kamfanin Elon Musk ne, yaƙin ƙasa guda ya rataya a kan ra'ayin attajiri ɗaya. Ya yi dariya ya ce Baba jirgin naka ma ai da GPS yake gane hanya, GPS kuma na sojan Amurka ne, rundunarsu ta sararin samaniya da aka kafa a Disambar 2019 ita ke riƙe da shi, shi ya sa Sin ta yi BeiDou, Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, kowa na gudun ranar da za a kashe masa fitila. Kuma su kansu taurarin ba su tsira ba, a 2007 Sin ta harbo wani tsohon tauraronta ya tarwatse gida sama da 3,000, Rasha ma ta yi irin haka a Nuwambar 2021 har sai da 'yan sama jannatin tashar ƙasa da ƙasa suka nemi mafaka. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 makaman ƙare dangi ta hana ajiyewa a can, ba ta hana wannan ba.

Abin dariya wai yanzu saboda toshe sigina, a Yukren sun koma ɗaura wa duron siririyar waya yana tafe tana warwarewa. Na ce oho, an dai dawo gidan jiya.

Inda na ɗan rama shi ne maganar safaya. A 2020 Kanada ta dakatar da sayar wa Turkiyya kyamarar da ake sa wa TB2, dole suka koma ta kamfaninsu Aselsan. A 2019 kuma Amurka ta cire Turkiyya daga shirin jirgin yaƙi na F-35 don sun sayi makamin kakkaɓo jirage na S-400 na Rasha. Na ce ka gani ko, mai safaya shi ke da jirgi, ko da matuƙi ko babu. Masu tsara manufar tsaro sun fi son ranar yanka kintinkiri a ɗau hoto da sabon jirgi, ba mai son jin kuɗin famfon mai na shekara 20 masu zuwa, ni kuwa a ganina wannan takardar ya kamata a fara sa wa hannu.

Ya yi shiru, sannan ya ce Baba dama akwai maganar da nake ta jin nauyin yi maka. Namu ɗin ma biyu suna ajiye, injin ne yake yoyon mai kuma yaran da ke gyara duk kwamfuta suka iya. Wai ogansu ne ya ce a tambaye ni ko zan zo in duba.

Na ce ka ce masa zan yi shawara. Ina kashe wayar na fara laluben tsohuwar rigar aikina, uwargida tana kallona tana girgiza kai. Abin da na tarar a hangar tasu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.